Igiya Biyu

Ni tela ne a Kasuwar Mami ta barikin Jaji,
rumfa ta huɗu in ka wuce mai gyaran takalma.
Shekara sha tara ke nan ina ɗinka igiya
a damtsen 'ya'yan mutane.

Jiya da la'asar Tanimu ɗan Kauru ya shigo,
kaki a hammata, baki har kunne.
Ya ce, "Baba tela, an ƙara mini ɗaya."
Shekara shida yana jan igiya guda,
yau ga shi kofur.

Na lashi bakin zare, na ce, "Ƙarin nawa ne?"
Ya yi dariya har ya dafa kekena.
"Ka san kuɗin tiyar masara a Kawo?
Auna bakwai. Ta takwas ba za ta cika ba."

Ina ɗinki, yana kwance mini
kayan da igiyar ta ɗauro:
mutum tara yanzu a wuyansa.
Shi zai ƙirga su kafin a busa bigila,
ya ƙirga harsashi, ya sa hannu a littafi.
In kurtu ya yi gyangyaɗi a bakin gadi
kunnen Tanimu Saje Bitrus zai murɗa.
In zazzaɓi ya kada yaro a daji
shi ne uwa, shi ne likita, shi ne jakin ɗauka.
Sati uku a hanyar Birnin Gwari,
wanka sai ran da sama ta ga dama.

Albashi kuwa, in ji shi, baƙon kunya ne:
waya ta yi ƙara, ka tashi tarbarsa,
kafin ka shimfiɗa tabarma ya yi sallama.
Banki ya fara yankar nasa.
Tsohuwa na jiran kuɗin taki.
Ƙanwa a Kafanchan ta turo saƙo sau uku.
Talatu ta ce zubin adashe ya zo kanta,
ga kwanon ɗaki yana yoyo daidai kan gadon yara.
Mai shinkafa ma ta ji ƙarar wayar,
ban san ta yaya ba,
tana tsaye da littafinta.

Masu anini ba su san rumfata ba, aike suke.
Anini maƙala shi ake, a cire a goge.
Igiya kuwa sai an huda kaki.
Sau arba'in allurata ta shiga ta fita,
na koma na bi ta baya,
don ƙaya ba ta san girman kofur ba.

Ban gaya masa ba,
ƙarƙashin teburin nan akwai jakar leda.
Riga uku a ciki, a goge, a ninke,
kowace da sabuwar igiyarta.
Masu su sun biya ni tsaf, ko kwabo babu saura,
suka ce sai sun dawo.
Ɗaya tun azumin bara waccan.

Ya sa rigar, ya juya gaban tsagin madubina,
ya ƙame, ya sara wa kansa.
Sannan ya zaro ɗari biyar biyu masu laushi,
ya miƙo da hannu biyu.

Na ɗauki ɗaya, na tura masa ɗaya.
Ya ce, "Haba Baba, ina da shi yau."
Na ce, "Riƙe. Ƙarshen wata ka kawo da ƙafarka.
Ba na karɓar aike, ba na karɓa ta waya."

Na buɗe littafi na rubuta sunansa da manyan baƙaƙe.
Gwamnati ta ɗaura masa biyu.
Wannan ta uku ce,
ni na riƙe bakinta.